Yahaya Hus, Mutumin da Ya Kai Ƙararsa Gaban Almasihu

Karatu: Matiyu 16:13-20, Matiyu 18:15-20, Yahaya 11:38-44

Wataƙila ka taɓa zama a majami'a ranar Lahadi aka kira sunan wani, aka sanar cewa dattawa sun sa shi a horo, ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ya tuba. Wataƙila ma sunanka ne aka kira. Ko kuwa ka taɓa jin wani shugaba ya ce duk wanda ya bar ikilisiyarsa ba zai ga alheri ba, domin shi ne aka ba ikon ɗaurewa da kwancewa. Ubangiji Yesu ya ba da wannan iko, babu shakka. Ya faɗa wa Bitrus a Matiyu 16, ya sāke faɗa wa almajirai duka a Matiyu 18. Amma ina iyakarsa? Idan mutum ya ɗaure abin da Allah bai ɗaure ba, shin sama za ta sa hannu? Akwai wani bawan Allah da wannan tambaya ta ci ransa.

Sunansa Yahaya Hus, mutanen ƙasarsa suna ce masa Yan Hus. An haife shi wajen shekara ta 1370 a ƙauyen Husinek a ƙasar Bohemiya, inda Jamhuriyar Cek take a yau. Ɗan talakawa ne. Sa'ad da yake karatu a jami'ar birnin Furag yakan yi cokali da burodi ya ci wake, in waken ya ƙare ya cinye cokalin. Shi da kansa ya amsa daga baya cewa abin da ya ja shi ga aikin firist da farko shi ne samun tufafi masu kyau da girma a idon mutane. Ka ga, ba kowane bawan Allah ne yake shiga aiki da zuciya tsarkakakkiya ba. Wani sai yana cikin aikin Maganar Allah take kama shi. An naɗa shi firist a 1400, a 1402 kuma aka ba shi mumbarin Majami'ar Baitalami a Furag, ɗakin da aka gina musamman domin a yi wa'azi da harshen mutanen ƙasa, ba da Latin ba. Dubbai sukan taru su ji shi.

Zamanin ba mai daɗi ba ne ga ikilisiyar Turai. Tun 1378 mutum biyu suke da'awar kujerar Paparoma, ɗaya a Roma, ɗaya a Abinyo ta Faransa. A 1409 aka yi taro a Fisa don a gyara, sai aka ƙare da uku. Kowannensu yana cewa mabuɗan Bitrus suna hannunsa, kowannensu yana la'antar sauran da mabiyansu. Yi tunanin manomi mai tsoron Allah a wannan lokaci. Ko wanne ya bi, biyu sun riga sun ɗaure shi.

A 1412 abin ya iso ƙofar Hus. Paparoman ɓangaren Fisa, Yahaya na 23, yana yaƙi da Ladislas sarkin Nafuls, yana neman kuɗi. Sai ya aiko da masu sayar da takardun sassauci zuwa Furag. A bisa koyarwar lokacin, takardar tana rage hukuncin da ya saura a kan wanda ya riga ya furta zunubinsa, amma yadda ake tallarta, talaka ya ɗauka gafarar ce yake saya. Hus ya san wannan ciniki daga ciki, gama yana ɗalibi ya taɓa ba da 'yan kuɗinsa na ƙarshe ya sayi irin wannan sassauci. Yanzu ya tashi ya yi tsayayya da shi a mumbari da kuma a jami'a. Sarki Wenselas, wanda dā yake kāre shi, yana da kaso cikin kuɗin, saboda haka ya juya masa baya. A watan Yuli na wannan shekara aka fille kan samari uku domin sun ɗaga murya a majami'u sun ƙaryata masu tallar. Aka kai gawawwakinsu Majami'ar Baitalami.

Kafin shekarar ta ƙare aka sanar da babbar yankewa a kan Hus. Kada kowa ya ba shi abinci ko ruwa ko masauki, kada a yi magana da shi. Duk garin da ya zauna kuma za a rufe majami'unsa, ba sujada, ba kaɗa ƙararrawa, ba jana'izar ikilisiya. Ranar 18 ga Oktoba 1412 Hus ya yi abin da dokar ikilisiya ba ta san da shi ba: ya rubuta takarda ya ɗaukaka ƙara, ya tsallake kotunan duniya duka, ya miƙa shari'arsa ga Yesu Almasihu, alƙalin da ba a saya da kyauta, ba a kuma ruɗinsa da shaidar zur. Bayan haka ya yi ta kokawa da kansa. In ya gudu, ba ya zama ɗan ƙodago da ya bar tumaki ba? In ya zauna, dukan birnin zai rasa sujada saboda shi. Ya zaɓi ya fita. Ya koma ƙauyukan kudu yana wa'azi a filaye da bakin hanya, a can kuma a 1413 ya gama littafinsa a kan ikilisiya.

A nan ne nake so ka dakata, ɗan'uwa, domin abin da ya koyar a littafin nan ya shafe ka. Hus bai ce shugabanni ba su da iko ba. Ya ce ikon nasu na bawa ne mai isar da hukuncin ubangidansa. Allah kaɗai yake gafarta zunubi, shi kaɗai kuma yake ganin zuciya. Shugaba yana sanar da abin da Allah ya riga ya yi, sanarwar kuwa tana da ƙarfi muddin ta yi daidai da hukuncin sama. Ya ɗauki misalai biyu daga malaman dā, Agustin da Jerom. Na farko Li'azaru ne. Wa ya tashe shi? Yesu ne ya kira shi daga kabari, sa'an nan ya umarci mutanen da suke wurin su kwance masa likkafani. Da sun shiga sun kwance shi kafin Yesu ya yi kira, gawa mai wari kawai za su tarar. Na biyu kuturu ne a Littafin Firistoci. Firist yakan duba mutum ya sanar ko mai tsabta ne ko marar tsabta, amma maganarsa ba ta sa kuturta, ba ta kuma warkar da ita. In ya yi kuskure ya kira lafiyayye kuturu, fatar mutumin tana nan lafiya lau.

Daga nan Hus ya fitar da abu biyu, kuma dole a riƙe su tare. In an yanke mutum a kan zalunci, wannan yankewa ba ta raba shi da Almasihu. In kuma an kwance wanda bai tuba ba, ko don kuɗinsa ko don sarautarsa, yana nan a ɗaure ko da takarda goma ce a aljihunsa. Mu mun fi son na farkon. Na biyun ya fi zafi, gama yana nufin albarkar da fasto ya sa maka ba za ta rufe zunubin da ka ƙi bari ba.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai inda maganar Hus take da santsi. Ya bi malamin Ingila, Wikilif, ya ce shugaban da yake zaune cikin babban zunubi ba shugaba ne na gaskiya ba a gaban Allah. In aka sake wa wannan magana linzami, duk wanda aka tsauta wa zai ce ai dattawan ma masu zunubi ne, horonsu bai hau kansa ba. Matiyu 18 bai ba da wannan ƙofa ba. Ya ba da hanya ce: a je wurin ɗan'uwa a keɓe, sa'an nan da shaidu, sa'an nan gaban ikilisiya, nufin kuwa a maido shi. Inda aka bi wannan hanya bisa ga Maganar Allah, horon na gaske ne, ko da bai yi maka daɗi ba. Hus kansa bai guje wa shari'a ba. Ya tafi da ƙafarsa.

A 1414 aka kira babban taron ikilisiya a Konstans ta Jamus don a kawo ƙarshen rabuwar. Sarki Sigismund ya ba Hus takardar alkawarin tsaro. Ya isa ranar 3 ga Nuwamba, kafin watan ya ƙare aka kama shi. Aka kulle shi a wani ɗaki kusa da magudanar ƙazanta har ciwo ya kusa kashe shi, daga baya aka kai shi kurkukun Gotliben cikin sarƙa. Wani abin mamaki, Yahaya na 23, wanda a zamaninsa aka yanke Hus, ya tsere daga taron, aka kamo shi, aka tuɓe shi a watan Mayu 1415, aka tsare shi a wannan kurkuku ɗin.

A watan Yuni aka saurari Hus sau uku. Abin da ya roƙa ɗaya ne: a nuna masa kuskurensa daga Littafi Mai Tsarki, zai janye. Su kuwa suka ce ya janye duka, har da maganganun da bai taɓa koyarwa ba. Ya ga in ya yi rantsuwa ya bar abin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi rantsuwar ƙarya, ya kuma sa dubban da suka ji wa'azinsa tuntuɓe. Manya sun lallashe shi cewa in akwai laifi, yana wuyan taron da ya umarce shi. Bai yarda wani zai iya ɗaukar masa ƙaryar bakinsa ba.

Ka lura da wannan. Cikin kwanakinsa na ƙarshe, mutumin nan da ake zargi da rena mabuɗan ikilisiya ya nemi a kawo masa firist ya furta zunubansa. Wanda ya fara roƙo a aiko masa shi ne Istifanus Falec, tsohon abokinsa da ya zama babban mai ƙararsa. Aka aiko da wani dabam, ya saurare shi, ya sanar masa da gafara ba tare da ya tilasta masa janyewa ba.

Ranar 6 ga Yuli 1415 aka kawo shi babbar majami'ar Konstans. Cikin laifofin da aka karanta har da ƙarar da ya ɗaukaka zuwa ga Almasihu. Bishop-bishop suka tuɓe masa kayan firist ɗaya bayan ɗaya, suka sa masa doguwar hular takarda mai zanen aljanu, suka furta cewa sun miƙa ransa ga Shaiɗan. Shi kuwa ya miƙa ransa ga Yesu Almasihu. Aka kai shi bayan gari aka ƙone shi yana addu'a, aka kwashe tokar aka zuba a kogin Rain don kada mabiyansa su sami abin ɗauka.

A watan Satumba na wannan shekara manyan Bohemiya da Morabiya su 452 suka sa hatiminsu a takardar ƙin amincewa da hukuncin. Shekara ɗari da biyar bayan mutuwarsa, a 1520, Martin Luta ya karanta littafin nan a kan ikilisiya, ya yi mamakin ganin yawan abin da shi ma yake koyarwa a ciki. A watan Disamba 1999 kuma Paparoma Yahaya Bulus na 2 ya bayyana baƙin cikinsa a fili saboda mugun kisan da aka yi wa Hus, ya kuma yabi ƙarfin halinsa.