Geri Gaigaks: mai gyaran takalmin da ya mai da tatsuniya haja

Yau filinmu na tarihin mutane zai kai mu Amurka, wajen wani bawan Allah mai suna Geri Gaigaks, wanda shi da abokinsa suka ƙago wasan da ake kira Dungeons & Dragons. Wasan ya haura shekara 50 ana yin sa, kuma har yanzu shi ke gaba a cikin irinsa. Mun ɗauko labarin ne saboda akwai darasin kasuwa a ciki.

An haifi Geri a birnin Shikago ran 27 ga Yuli 1938. Mahaifinsa baƙo ne daga ƙasar Suwis. A 1946 gidansu suka koma wani ƙaramin gari mai suna Lek Janiba, cikin jihar Wiskonsin. Bai kai ƙarshen lise ba ya bar karatu, ya kama aiki a wani kamfanin inshora. Da dare kuwa ba shi da abin yi sai wasan yaƙi da ƴan sojojin roba da na dalma bisa tebur, shi da abokansa. A 1970 aka sallame shi daga aiki, ga mata ga ƴaƴa 5. Sai ya koma gyaran takalma a cikin gidansa, yana rubuta dokokin wasa a gefe.

A 1972 wani saurayi mai suna Deb Arnesan ya zo daga jihar Minesota ya nuna masa sabon salo: maimakon mutum ya ja runduna guda, sai ya zama jarumi ɗaya tak cikin labari. Geri ya zauna ya tsara dokokin, ya fara gwada su da ƴaƴansa biyu. Kamfanonin da ya kai wa ba su karɓa ba. Don haka a 1973 shi da amininsa na yarinta, Don Kei, suka kafa nasu mai suna TSR, kowa ya zuba dala 1000, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu ba. Kuɗin bai isa ba, sai suka shigo da mutum na uku, Birayan Bulum. A Janairun 1974 suka fitar da kwali 1000, kowane a kan dala 10, kuma kafin shekara ta zagayo sun ƙare.

To yaya ake wasan? Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, ɗaya ya zama mai ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki suna da hali: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, waccan mai magani. Mai labari ya ce kun iso bakin kogo, akwai dodo a ciki, me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo, wata ma fuskarta 20, ita ke nuna ko dabarar ta ci. Ba caca ba ce, ba a sa kuɗi.

Nan ne asirin farin jininsa yake. A darar da dattawanmu ke yi gindin itace daga Dogon Dutsi har Tibiri, mutum biyu ne, gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, ɗaya ya ci ɗaya ya tashi. A tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa, kaka ce ke magana, yara na saurare. Wasan Geri ya haɗa biyun: ga doka kamar dara, ga labari kamar tatsuniya, amma masu sauraro su ne cikin labarin, kuma tare suke ci, tare suke faɗuwa. Labarin ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Jarumin da ya tsira yau yana ƙara ƙarfi, dole mai shi ya dawo mako mai zuwa.

Sannan ga abin da ƴan kasuwa za su fi ganewa. Wanda ya sayi littafin ba ya iya wasa shi kaɗai, sai ya nemo abokai ya koya musu. Ashe kowane mai saye ya zama dillali ba tare da an biya shi la'ada ba. Da yake kuma shi ya fara shiga kasuwa, sabon shiga yakan tarar abokansa shi suka iya, sai ya bi su. Ko zargin tsafi da wasu iyaye da masu wa'azi suka yi wa wasan daga 1979 zuwa shekarun 1980 bai hana ciniki ba, sai ma ya sa aka ƙara saninsa.

Amma kasuwa ta yi kyau, mai haja bai ci ribarta yadda ya kamata ba. Don Kei ya rasu kwatsam a 1975, kuma da aka sake raba hannun jari, gidan Bulum suka fi Geri kaso. Deb Arnesan ya kai ƙara a 1979 kan haƙƙinsa, aka sasanta a 1981. Geri ya tafi Holiwud neman a mai da wasan fim, ya dawo a 1984 ya tarar bashi ya yi wa kamfani katutu. A 1985 gidan Bulum suka sayar da kasonsu ga Loren Wiliyams, matar da Geri da kansa ya kawo don ta gyara harkar. Ya je kotu bai yi nasara ba, ya bar kamfanin da ya kafa, da wasan duka.

A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 kuma Hasbro ya sayi Wizards. Geri ya ci gaba da ƙago wasu wasanni, ba wanda ya kamo na farko. Ya rasu a Lek Janiba ran 4 ga Maris 2008, yana da shekara 69. Deb Arnesan ya bi shi a 2009.

Masu haɗa jari a kasuwanninmu, maza da mata, sai mu lura: tun ranar da aka zuba kuɗi ya kamata a rubuta kason kowa gaban shaidu, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.