Costa Pereira, Mai Tsaron Gidan Benfica

An haifi Alberto da Costa Pereira a shekarar 1929 a garin Nacala, bakin teku, a arewacin ƙasar Mozambik. A lokacin nan ƙasar tana hannun Turawan Fotugal. Da ya zama saurayi ya shiga ƙungiyar ƙwallo ta ma'aikatan jirgin ƙasa a Lourenço Marques, birnin da ake kira Maputo yanzu. Aikinsa tsaron gida ne, watau shi ne ke tsayawa a bakin raga ya hana ƙwallo shiga. A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya shi kaɗai aka yarda wa ya kama ƙwallo da hannu.

Sannu a hankali labarinsa ya kai Lisbon, babban birnin Fotugal. A 1954 babbar ƙungiyar nan ta Benfica ta ɗauko shi. A wannan shekara ce kuma ta ɗauko wani saurayin Mozambik, Mário Coluna. Costa Pereira bai daɗe ba ya zama shi ne mai tsaron gidansu na fari.

A 1961 Benfica ta kai wasan ƙarshe na Kofin Turai, ta haɗu da Barcelona a birnin Bern na Suwizalan. Mutane da yawa sun ɗauka Barcelona ce za ta ci, don tana da gwanaye. Suka yi ta ɗirkar ƙwallo, shi kuwa ya yi ta tarewa. Waɗansu da suka wuce shi kuma sai suka bugi sandar raga suka komo. Aka tashi Benfica tana da 3, Barcelona 2. Da shekara ta kewayo suka gamu da Real Madrid a Amsterdam. Ran nan Puskás shi kaɗai ya zura masa ƙwallo uku tun ba a tafi hutu ba, amma bai karai ba. Bayan hutu ko ɗaya ba ta sāke shiga ba, Eusébio ya ci biyu, Benfica ta yi nasara da 5 da 3.

To, amma tsaron gida aiki ne mai wuyar sha'ani. Mai kai hari in ya ɓarar sau goma ya ci sau ɗaya, sai a yi ta yabonsa. Mai tsaron gida kuwa ko ya tare ɗari, guda ɗayan da ta kuɓuce masa ita jama'a ke riƙewa.

Haka ya faru ran 27 ga Mayu, 1965. Benfica ta sāke kai wa wasan ƙarshe, za ta kara da Inter a filin San Siro na Milan, watau a gidan abokan gāba. Aka wuni ana ruwa, fili ya zama taɓo. Ana dab da tafiya hutu sai wani ɗan Birazil mai suna Jair ya bugo ƙwallo, ba ma da ƙarfi sosai ba. Costa Pereira ya duƙa zai kama, jiƙaƙƙiyar ƙwallo ta sulle masa ta shige raga. Bayan hutu kuma ya ji ciwo, tilas ya fita. A zamanin nan ba a yarda a canja ɗan wasa ba, saboda haka Germano, mai tsaron baya, ya sa rigar mai tsaron gida, suka ƙarasa su goma. Ba a ƙara cin su ba, amma wannan ƙwallo ɗaya ita ta raba su da kofi.

Daga nan tauraruwarsa ta fara dusashewa. Ya yi wa ƙasar Fotugal wasa sau 22, amma da aka tafi gasar Kofin Duniya a Ingila a 1966 ba a tafi da shi ba. Ya bar wasa a 1967, bayan shekara goma sha uku yana tsaron ragar Benfica. Ya rasu a Lisbon a 1990, yana da shekara sittin.