Lily Parr: 'Yar ƙwallon da ta addabi masu tsaron raga, amma aka hana ta filin wasa tana da shekara 16

A ƙarshen Disambar 1920, mutum kusan 53,000 suka cika filin wasa na Goodison Park da ke Liverpool, aka bar wasu dubbai a waje saboda babu masaka tsinke. Wasan mata suka zo kallo, tsakanin Dick, Kerr Ladies ta garin Preston da St Helens Ladies. A cikin 'yan wasan Dick, Kerr a lokacin akwai wata doguwar yarinya 'yar shekara 15, mai suna Lily Parr.

An haife ta ranar 26 ga Afrilun 1905 a St Helens, a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinta lebura ne a kamfanin gilashi, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma tare da yayyenta maza ta koyi ƙwallo a filayen unguwa. Tana bugawa ƙungiyar garinsu sai Alfred Frankland, mai kula da Dick, Kerr, ya ga wasanta, ya ɗauko ta zuwa Preston aka ba ta aiki a masana'antar da ƙungiyar ke ɗauke da sunanta.

Masana'antar ta ƙera harsasai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da maza suka tafi fagen daga, mata ne suka riƙe injina, kuma cikin matan nan aka kafa ƙungiyar a 1917 domin tara wa sojojin da suka jikkata kuɗi. Wasan Goodison kaɗai, wanda Dick, Kerr ta ci 4-0, ya samar da sama da fam 3,000.

A baya Parr ta fara, kafin a mayar da ita gaba ta gefen hagu, inda ta yi suna. Tsayinta ya kusa ƙafa shida, bahaguwa ce, kuma bugunta na da nauyi. Ta zura ƙwallo 43 a kakarta ta farko. Abokan wasanta sun daɗe suna ba da labarin wani gola namiji da ya raina ta, ya ce ta gwada shi, ta buga masa ƙwallon da ta karya masa hannu.

Shekara guda bayan wasan Goodison, ranar 5 ga Disambar 1921, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, FA, ta haramta wa mata wasa a filayen duk ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. Hujjarta ita ce ƙwallo bai dace da jikin mace ba, sannan ta yi zargin ba dukkan kuɗin da ake tarawa ke zuwa ga mabuƙata ba. Hujjar farko dai da wuya ta shiga kunnen wanda ya san aikin ƙarfin da matan nan suka yi a masana'antu shekara huɗu ana yaƙi. Masana tarihi da dama na ganin cikar da filayen ke yi ce ta tsone wa shugabannin hukumar ido.

Haramcin bai kashe ƙungiyar ba, amma ya rage mata fiffike. Babu manyan filaye, babu tikiti mai yawa, sai aro a filayen rugby da wuraren shaƙatawa. A 1922 suka tsallaka teku, hukumar ƙwallon Kanada ta hana su wasa, suka gangara Amurka suka buga wasa tara da ƙungiyoyin maza. A tafiyar, 'yar Faransa Carmen Pomiès ce ta tsare musu raga.

Da kamfanin ya janye hannunsa a 1926, ƙungiyar ta koma Preston Ladies. Parr ta sami aiki a asibitin masu taɓin hankali na Whittingham, ta koyi jinya har ta zama shugabar nas-nas na ɗaki guda. Haka ta riƙa haɗa aikin asibiti da ƙwallo, ba ta samun komai daga wasan sai ɗan kuɗin mota da abinci. Mashayiyar taba ce ta gaske, abin da babu kocin da zai lamunta a yau, amma ta ci gaba da taka leda har ta kai shekara 45. An ƙiyasta ƙwallayen da ta ci sun haura 900.

A 1967 aka gano tana da sankarar mama. Ta rayu ta ga an ɗage haramcin a 1971, bayan shekara 50, lokacin ƙafar da ake tsoro ta daɗe da yin sanyi. Ta rasu ranar 24 ga Mayun 1978 tana da shekara 73.

Karramawar ta zo ne bayan ba ta raye. A 2002 ita kaɗai ce mace cikin rukunin farko na gwarazan ƙwallon Ingila da Gidan Tarihin Ƙwallon Ƙafa na Ƙasa ya karrama, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutuminta a gidan tarihin da ke Manchester. Filin Goodison Park kuwa, tun 2025 ya zama gidan ƙungiyar mata ta Everton.