SAMUEL AJAYI CROWTHER: YARON DA AKA MUSANYA DA DOKI



In ka taɓa zuwa garinmu Gaya, ka san kogin Kwara, ka san gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta ƙasar Benin, ka kuma san hanyar Kamba mai kai mutum Nijeriya. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar nan ya kan gangara Yawuri, ya wuce Jabba da Lakwaja da Anaca, kana ya shiga teku. A kan wannan kogi ne wani bawan Allah, Samuel Ajayi Crowther, ya yi ta hawa da sauka tun daga shekara ta 1841 har tsufansa. Bai iso Gaya ba, amma ruwan da mu ke sha shi ne ya ɗauki jiragensa.

Ga dalilin da ya sa na ke so in ba ka labarinsa. Sau da yawa 'yan'uwa su kan zo wurinmu dattawan ikkilisiya, su ce sun daɗe da yin baftisma, suna zuwa sujada kowace Lahadi, amma suna jin Allah yana nesa da su. Watakila kai ma haka ka ke ji. To, dubi yadda mutum guda ya girma cikin zumunci da Allah, daga ƙuruciya har furfura.

ALLAH NE YA FARA NEMANSA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, a ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garin da safe, suka sa masa wuta. Aka kama Ajayi tare da uwarsa da ƙannensa mata, aka ɗaura musu igiya a wuya. Bai ƙara ganin ubansa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa, aka musanya shi da doki. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har ya iso Ikko, inda aka sayar da shi ga fataken bayi na Fotugal. Baƙin ciki ya yi masa yawa a hanya, har ya so ya kashe kansa.

A watan Afrilu 1822 aka loda shi cikin jirgi tare da sauran bayi. Amma jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare jirgin. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye, sai ya zaci naman 'yan'uwansa ne, shi ma za a cinye shi. A watan Yuni na shekarar aka sauke shi a Firitawun, ƙasar Saliyo, ɗa mai 'yanci.

Ka lura, a lokacin nan duka Ajayi bai san Allah ba, bai kuwa roƙe shi kome ba. Allah ne ya fara. Daga baya, da Ajayi ya rubuta labarin kansa, ya nuna ranar da aka kama shi ranar baƙin ciki ce, amma kuma ta wurinta ne Allah ya kawo shi inda zai ji bishara. Rayuwarsa ta yi kama da ta Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar da mugun nufi, Allah kuwa ya juya abin ya zama alheri (Farawa 50:20). Kai fa, ka taɓa zama ka duba baya, ka ga sawun Allah a wuraren da ka sha wuya?

YA BA DA KANSA, YA KAMA LITTAFI

Aka sa shi makarantar mishan ta CMS. Ya ƙwallafa rai ga karatu, har cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ya koyi aikin kafinta kuma. Amma iya karatu daban, ba da zuciya daban. Ni ma makarantar mishan na yi, na haddace ayoyi tun ina yaro domin in sami yabon malam, shekaru kuwa suka wuce kafin maganar ta sauko daga kaina zuwa zuciyata.

Ajayi ya yi shekara uku yana ji, yana tunani. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Ya gane akwai bauta iri biyu. Jirgin Ingila ya fisshe shi daga igiyar mutane, amma Yesu kaɗai ke iya fisshe shi daga igiyar zunubi. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a kwalejin Fura Be. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, sunanta na baftisma Susan. Ya zama malamin makaranta, ya yi shekaru yana wannan aiki ba wanda ya san sunansa a duniya.

Mu mutanen Gaya mun san giginya. In aka binne ƙwallonta, ba ta hanzarin fitowa sama. Sai ta fara nutsawa ƙasa, ta yi muruci a ɓoye. Mai gaggawa zai ce ba abin da ke faruwa. Haka shekarun Ajayi na Saliyo su ke: karatun Littafi Mai Tsarki, da addu'a, da aikin yau da kullum cikin aminci.

MAGANAR ALLAH CIKIN HARSHEN UWA

A 1841 aka aike shi tare da Rabaran J. F. Schön cikin jiragen da suka hau kogin Kwara. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a tafiyar nan. Schön ya dukufa kan koyon Hausa, daga baya ya buga littattafai cikin harshenmu. Mishan kuwa ta gane 'yan Afirka ne za su kai bishara ga 'yan'uwansu. Aka kira Ajayi Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843.

A 1846 ya je aiki Abekuta. Nan ne Allah ya yi masa abin da bai zata ba: ya sadu da uwarsa bayan shekara 25 da rabuwa. Suka rungume juna suna kuka. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu. Ka ga, wanda ya san Ubangiji da gaske, daga gidansa ya kan fara shaida.

Babban aikin ransa shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Ya kan zauna wurin tsofaffi, ya saurari karin maganarsu, ya rubuta kalmomi. Mai juya Littafi ba shi da halin tsallake aya. Dole ya tsaya a kan kowace kalma har ya gane nufinta. Ta haka maganar Allah ta jiƙa shi sarai, kamar yadda ruwan kogi ke jiƙa fadamar shinkafa. Da taimakon abokan aikinsa aka gama Littafin duka cikin shekarun 1880.

Kai da ka ke da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke tun 1932, ina naka ya ke yau? Yana hannunka, ko yana cikin akwati yana shan ƙura? Ba a yin abuta da wanda ba a sauraron maganarsa.

MAKARANTAR JIRA DA HASARA

A 1854 ya sake hawan kogi tare da Likita Baikie, har suka shiga Binuwai. A wannan karo sun sha kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa aikin bishara a Anaca, ya yi gaba da begen kaiwa ƙasar Hausa. Amma a watan Oktoba jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba, ya lalace. Suka yi wajen shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgi.

Me za ka yi in kai ne? Ajayi bai zauna yana gunaguni ba. Ya shiga koyon Nufanci, yana ziyartar mutanen Rabba, har daga baya ya buga littattafan harshen. Ƙofar da ya so ta rufu, sai ya yi aikin da ke gabansa.

A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, tare da takardun kalmomin da ya yi shekaru yana tattarawa. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma ya sake ɗaukar alƙalami. Manzo Bulus ya koya mana wahala ta kan haifi haƙuri, haƙuri kuma ya gwada ingancin mutum (Romawa 5:3-4). Akwai sanin Allah da ba a samu sai cikin jira.

GIRMA BAI SA SHI GIRMAN KAI BA

Henry Venn, magatakardan CMS, ya so a naɗa shi bishop. Ajayi ya yi ta nonnoƙewa, yana ganin bai isa ba, sai da aka matsa masa. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na fari da ya zama bishop a ikkilisiyar Angilikan. Jami'ar Okasfod ta ba shi digirin girmamawa. Yaron da aka musanya da doki ke nan. Duk da haka waɗanda suka san shi sun shaida saukin kansa da tawali'unsa.

Dubi kuma zamansa da Musulmi, gama wannan ya shafe mu da ke zaune tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi. Ya kan ziyarci Sarkin Bida Masaba da ladabi, ya kan ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. A 1872 a fadar Sarkin Ilori aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Yesu. Bai yi zagi ba, bai yi gardamar banza ba, bai kuwa ɓoye bangaskiyarsa ba. Sai ya buɗe Littafi, ya bar shi ya ba da amsa. Wanda ya natsu cikin Allah ba ya bukatar ɗaga murya.

GWAJI MAFI ZAFI YA ZO DA TSUFA

Kada ka zaci in mutum ya daɗe da Ubangiji gwaji ya ƙare. Matarsa ta rasu a 1880. Bayan wannan, waɗansu samarin Turawa 'yan mishan suka zo aiki a kogin, masu himma amma marasa haƙuri. Suka ce ma'aikatan bishop ba su da tsarki, shi kuma ya cika sassauci. Gaskiya ne akwai waɗanda suka yi laifi cikin ma'aikatan, kuma tsohon ya fi son jan mai laifi a hankali bisa ga korarsa. Amma a taron da aka yi a Anaca a watan Agusta 1890, samarin nan suka dakatar da fastoci 'yan Afirka a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, ba su kula da furfurarsa ko matsayinsa ba.

Wannan dūka daga cikin gida ya fito, daga hannun masu kiran sunan Yesu. Mutane da yawa a nan su kan bar ikkilisiya, har su bar Ubangiji. Ajayi ya faɗi abin da ya ga ba daidai ba, ya sauka daga shugabancin kwamitin, amma bai rama zagi ba, bai kuwa juya wa Mai Cetonsa baya ba. Ya bi sawun Ubangijinsa, wanda ya sha zagi ya bar shari'a a hannun Allah (1 Bitrus 2:23). A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, yana da shekara fiye da 80. A 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa.

Me ya riƙe shi? Da a kan mishan ko a kan rigar bishop ya dogara, da ya faɗi ran da aka wulakanta shi. Amma saiwarsa ta yi shekara 66 tana nutsawa cikin Almasihu. Hausawa sun ce giginya, na nesa ka sha inuwarki. Shi bai ga amfanin wahalarsa duka ba, amma dubban dubbai sun sha inuwarta bayansa.

KAI FA, YA MAI KARATU?

Ajayi ba mala'ika ba ne, mutum ne kamarka. Hanyar da ya bi a buɗe ta ke gare ka.

Da fari, ka tabbata ka ba Yesu zuciyarka. Sunan Kirista da ka gada daga iyaye ba zai cece ka ba. Ka tuba, ka karɓe shi, za ka zama ɗan Allah (Yohanna 1:12).

Na biyu, ka keɓe lokaci kowace rana domin Littafi Mai Tsarki. Kafin ka tafi gona ko kasuwa ko bakin kogi, karanta ko da aya goma. Fara da Bisharar Yohanna. In ba ka iya karatu sosai ba, sa ɗanka ya karanta maka.

Na uku, ka yi addu'a da harshen da ka ke mafarki da shi, ko Hausa, ko Dandanci, ko Zabarmanci. Faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke zuciyarka, har da fushinka da tsoronka.

Na huɗu, ka aikata abin da ka karanta. Wanda ya ji bai yi ba, ba ya girma.

Na biyar, kada ka rabu da taron masu bi, ko da wani ya ɓata maka rai. In akwai wanda ka ke riƙe da shi a zuciya, ka gafarta masa yau.

In ka yi wata guda ba ka ga canji ba, kada ka karai. Tuna da muruci. Yesu ya kwatanta kansa da itacen inabi, mu kuwa rassa (Yohanna 15). Aikin reshe shi ne ya zauna manne da itace, 'ya'ya za su zo a lokacinsu.

Kada ka ajiye wannan takarda sai ka durƙusa ka yi magana da Allah. Ka gode masa da ya neme ka tun ba ka san shi ba, ka roƙe shi ya jawo ka kusa. In kana da tambaya, je wurin fasto ko wani dattijon ikkilisiya na kusa da kai, zai yi murnar yin addu'a tare da kai.

Ubangiji ya sa ka girma cikin alherinsa. Amin.