Saul Hertz, likitan da ya mai da aidin magani

Duk mun san aidin ɗin da ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo. To ni dai, a harkar aidin babu wanda ya burge ni kamar Dakta Saul Hertz, haifaffen Cleveland ta Amurka a 1905.

Shi ne shugaban sashen cututtukan tayirod, ƙullin nan da ke gaban wuya, a Babban Asibitin Massachusetts. A 1936 ya tambayi Karl Compton, shugaban MIT, ko za a iya sa aidin ya riƙa fitar da hasken nukiliya. Ya san tayirod na zuƙe aidin daga jini. In mara lafiya ya sha irin wannan, hasken zai rage aikin ƙullin da ya wuce kima, ba sai an yi tiyata ba.

Shi da masanin fiziks Arthur Roberts suka gwada a kan zomaye, a 1941 ya fara ba mutane. Ya shiga sojan ruwa a 1943, kafin ya dawo wasu sun ci gaba da aikin, aka shiga jayayya kan wa ya fara. Ya rasu a 1950 yana da shekara 45, amma har yau likitoci na ba da maganinsa.