Nana Asma'u: Uwar 'Yan Taru da ta gina shugabanci a kan aminci

A tarihin Daular Usmaniyya an fi yawan ambaton sarakuna da waziransu da mayaƙa. Amma ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi daɗewa a daular, mace ce ta kafa shi, kuma mata ne suka riƙe shi har bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a shekarar 1903. Wannan tsari shi ne 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi da yi wa jama'a hidima, wadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta assasa.

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon Shehu ya sa mata Hussaina kamar yadda aka saba, sai ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa, mahaifiyar Muhammadu Bello. A wannan gida, inda karatu ya zama aikin maza da mata, ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ta ga yunwa da annoba da tashin zango bayan zango, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Aminci ya kewaye rayuwarta ta kowane ɓangare. Shehu yana da babban amini, Umaru Alkammu. 'Yarsa A'ishatu ta taso tare da Asma'u, ta kuma auri Bello. Sai ya kasance mazan biyu, Bello da Giɗaɗo, aminan juna ne, matansu A'ishatu da Asma'u su ma haka. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, wannan zumunci na mutum huɗu ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan fadarsa.

Kusanci da mai mulki bai hana ta faɗin gaskiya ba. A 1831 ta mayar da wata waƙar gargaɗi ta Shehu zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, inda ake jan kunnen masu iko da alƙalai game da zalunci da cin dukiyar talaka. Ƙanwar Sarkin Musulmi ce kuma matar Waziri, amma ta zaɓi ta sanya wannan gargaɗi cikin harshen da talakawa za su ji, su rera a gidajensu.

Matsalar da ta fi damun ta ita ce halin matan karkara. Yaƙe-yaƙe, har zuwa na Gawakuke a 1836, sun bar zawarawa da marayu, sun kuma shigo da bayi mata masu yawa waɗanda bori kaɗai suka sani a matsayin mafaka idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Matan aure masu ƙananan 'ya'ya ba su da halin barin gida su zo birni neman karatu, ita ma ba za ta iya zagaya ƙauyuka ba. Daga nan tsarin 'Yan Taru ya samo asali a cikin shekarun 1830.

Tsarin mai sauƙi ne. A kowane ƙauye ko gari takan zaɓi dattijuwa mai mutunci da riƙon amana ta naɗa ta jaji, sunan da aka aro daga ayarin fatake. Takan ba ta malafa, ta naɗa mata jan rawani. Da ma irin wannan ado an san shi ne da Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka girmama ta juya ma'anarta zuwa ga ilimi. Jaji kan jagoranci ayarin 'yan mata da ba su yi aure ba da matan da suka manyanta, su taka a ƙasa zuwa gidan Asma'u, su koyi darasi, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje.

Darussan a waƙe suke, domin wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka ko kaɗi. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, akwai ta tarihin Annabi, akwai ta tsarki da salla. A 1837 ta fitar da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, bisa wani littafin nasiha da Bello ya rubuta, inda ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa matan zamaninta, domin almajiranta su san cewa suna da magabata.

Hidima ta tafi kafaɗa da kafaɗa da karatu. Ayarin kan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufafi, Asma'u ta raba wa mabuƙata. A garuruwansu kuma 'Yan Taru ne ke duba marasa lafiya, su taimaki mai naƙuda, su yi wa mamata mata wanka, su sasanta masu husuma.

Irin shugabancinta ya fi fitowa fili a marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa Giɗaɗo da ya riga ta. Amma da alƙalamin da ta yi wa sarki da waziri ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai kirki da sada zumunci, ta yi wa Zaharatu mai taimakon masu haihuwa da suturta gawa, ta yi wa Hauwa'u, jajin da ta yi shekaru tana kawo mata ayari. Ba don ita ba, da sunayen waɗannan mata sun ɓace. Da A'ishatu ta rasu a 1855, Asma'u ta yi marsiyyar da ake lissafawa cikin mafi taɓa zuciya a ayyukanta, ta mutumin da ya rasa abokin sirri na fiye da shekara hamsin.

Nana Asma'u ta rasu wajen 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ta bar ayyuka kimanin 60. Rasuwarta ba ta tarwatsa 'Yan Taru ba, domin tun tana raye ta rarraba iko ga jajoji, ta kuma horar da magajiya. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragama, bayanta kuma Ta Modi, aka ci gaba da naɗa jajoji har cikin ƙarni na 20. Jean Boyd, 'yar Ingila da ta daɗe a Sakkwato, ta wallafa tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a 1997. Wasu Musulmi mata a birnin Pittsburgh na Amurka ma sun kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru.

Ƙungiyoyin mata na yau, daga FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 zuwa ƙananan ƙungiyoyin matan ma'aikata da na unguwanni, suna fuskantar jarrabawar da kowace ƙungiya ke fuskanta, wato abin da zai faru ranar da wadda ta kafa ta ta kau. Da yawa kan watse saboda an tara komai a hannu ɗaya, ko saboda shugaba ba ta san darajar masu yi mata aiki ba. Asma'u ba ta da baitulmali ko dogarai. Abin da ta dogara da shi shi ne zaɓen mutanen kirki, da sakar musu amana a bainar jama'a, da tuna alherinsu ko bayan sun mutu. Da wannan jari ƙungiyarta ta rayu fiye da daular da aka kafa ta a cikinta.