Anna Hinderer: Baturiyar da yaran Ibadan suke kira Iya

A unguwar Kudeti da ke birnin Ibadan, daura da babbar majami'ar St. David, akwai wani tsohon gidan bene wanda har yau ake kira da sunan Hinderer. Mai wucewa ba lallai ne ya ɗaga kai ya dube shi ba, domin gine-ginen zamani sun daɗe da shafe shi a tsawo da ƙawa. Amma a tsakiyar ƙarni na 19, a wannan wuri ne wata Baturiyar Ingila da mijinta Bajamushe suka kafa gida, suka tara 'ya'yan mutane suna reno, suka sha zazzaɓi da yunwa, kuma suka rayu shekara biyar a cikin garin da yaƙi ya toshe wa hanyoyi. Sunan matar Anna Hinderer. Tarihin aikin mishan ya fi yawan ambaton masu wa'azi da masu fassara littattafai, amma labarinta na tukunya ne da allura da allon karatu, da kuma maƙwabtan da suka riƙe ta a ranar da taimakon ƙasarta ya yanke.

An haifi Anna Martin a ranar 19 ga Maris, 1827, a ƙauyen Hempnall da ke yankin Norfolk a gabashin Ingila. Tana da shekara biyar mahaifiyarta ta rasu. Daga baya aka kai ta garin Lowestoft na bakin teku wurin dangi, inda ta shaƙu da limamin majami'ar garin, Francis Cunningham, da matarsa Richenda, har ta koma zama a gidansu. Richenda 'yar'uwar Elizabeth Fry ce, matar da ta yi suna wajen gyaran halin gidajen yari a Ingila. A wannan gida Anna ta koyi riƙon rubuce-rubuce da karɓar baƙi, ta kuma riƙa tara yaran talakawa tana koya musu karatu a ranakun Lahadi. Marainiyar da wasu suka rena ita ce daga baya ta zama uwar marayu a wata ƙasa mai nisa.

Mijinta, David Hinderer, ɗan yankin Württemberg ne a kudancin Jamus. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Basel, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da aka fi sani da CMS, wadda ta tura shi ƙasar Yarabawa a 1849. A 1851 ya tashi daga Abeokuta ya ziyarci Ibadan, shugabannin garin suka karɓe shi, suka yarda ya dawo ya zauna. Da ya koma Ingila ya auri Anna a ranar 14 ga Oktoba, 1852. Ba a yi wata uku da ɗaurin auren ba suka shiga jirgin ruwa. A farkon 1853 suka sauka Legas, inda zazzaɓi ya fara kwantar da amarya tun kafin ta ga garin da za ta zauna. Daga nan suka wuce Abeokuta, kuma a ƙarshen Afrilu na wannan shekara suka shiga Ibadan.

Ibadan ta wancan zamani gari ne na mayaƙa. Ta bunƙasa ne bayan rushewar tsohuwar daular Oyo, lokacin da jama'a daga wurare daban-daban suka taru a kan tuddanta suna neman mafaka. Ikon garin yana hannun Baale Olugbode da manyan sarakunan yaƙi irin su Balogun Ibikunle da Ogunmola. Akasarin mutane suna bin addinin gargajiya, akwai kuma Musulmi da suka riga suka kafu a garin. Baƙin Turawa ba su zo da soja ba, ba su kuma da wata hukuma a bayansu, domin ko Legas ba ta zama mallakar Ingila ba sai a 1861. Zamansu ya rataya ne kacokan a kan yardar masu gari.

Masaukinsu na farko a Kudeti ɗakin ƙasa ne dogo siriri mai rufin ciyawa, babu ƙyaure babu taga, sai labule. Ƙwari suna zubowa daga rufi, mutane kuma suna cika ƙofa tun safe don su ga Baturiya, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Anna ta fahimci cewa a irin wannan gari mai gida ba ya korar masu gaisuwa. Ta koyi Yarabanci, ta koyi doguwar gaisuwar Yarabawa, ta riƙa buɗe ƙofa ga matan unguwa da 'yan kasuwa. Ta ƙulla zumunci da Iyalode, shugabar matan gari, suna ziyartar juna. Da suka gina gidan bene daga baya, shi ma ya zama abin kallo, mutane suna zuwa musamman don su hau matakala.

Allah bai ba su haihuwa ba, amma gidansu bai daɗe shiru ba. Wani basarake mai suna Olunloyo ya ba su ɗansa Akinyele da 'yarsa Yejide domin su yi karatu, su ne ɗalibai na farko. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga uba a lokacin, domin ana ta raɗe-raɗin abin da Turawa ke yi da yaran da suka shiga hannunsu. Sannu a hankali wasu suka biyo baya: 'ya'yan masu hali, marayu, yaran da aka yasar, da waɗanda aka kamo a yaƙi aka fanso su da kuɗi. A cikinsu akwai wata yarinya mai suna Ogunyomi, wadda aka raba ta da mahaifiyarta a wani hari. Bayan an fanshe ta sai aka gano uwar tana bauta a cikin Ibadan, ita ma aka fanshe ta, ta zama mai dafa wa yaran abinci. Akwai lokacin da yaran gidan suka kai kusan 30. Dukansu suna kiran Anna da Iya, kalmar da Bahaushe ma ba ya bukatar a fassara masa.

Aikin yini a irin wannan gida ba ya ƙarewa. Da asuba a tashi yara, a yi musu wanka, a yi addu'ar safe, sannan a shiga aji. Anna tana koyar da karatu da rubutu da waƙa, tana da ƙaramin kayan kiɗa na harmoniyom da ke jawo yara da manya. Bayan aji sai ɗinki, domin tufafin yaran duka a gidan ake yanka su a ɗinka. Sai jinyar marasa lafiya, sai lissafin wuri, wanda shi ne kuɗin kasuwa a Ibadan kamar yadda yake a Kano a wancan zamani. Idan David ya fita wa'azi a kasuwanni ko ya yi tafiya zuwa wasu garuruwan Yarabawa, ita ce ke riƙe da gida da makaranta. Ba ita kaɗai ta ɗauki nauyin ba. Tun daga Abeokuta sun taho da wani saurayi mai suna Daniel Olubi, wanda ya fara a matsayin yaron gida, ya zama malamin makaranta, ya kuma zama tamkar ɗa a gare su.

Babban abokin gabarsu shi ne zazzaɓi. Sai a 1854 ne tafiyar Dokta Baikie a kogin Kwara da Binuwai ta nuna cewa shan kwinin a kai a kai yana kare Bature daga zazzaɓin cizon sauro, kuma a lokacin ba a ma san sauro ne ke kawo cutar ba. Abokin aikinsu Kefer, wanda suka shigo Ibadan tare, ya rasu a 1855. Miji da mata suka riƙa karɓa-karɓa wajen jinya, yau ita ce a kwance, gobe shi ne. A 1856 rashin lafiya ya tilasta musu komawa Ingila, suka dawo a farkon 1858. A wannan dawowa ne iyalin Henry Johnson suka zo Ibadan daga Saliyo don taya su aiki, tare da ɗansu Samuel, yaro ɗan shekara 11 ko 12, wanda ya shiga makarantar Kudeti.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1860. Alaafin Atiba na Oyo ya rasu a 1859, ɗansa Adelu ya gaje shi, amma Kurunmi na Ijaye, wanda ke riƙe da sarautar Are Ona Kakanfo, ya ƙi amincewa da shi. Ibadan ta tsaya wa Adelu, Egba na Abeokuta suka goyi bayan Ijaye, mutanen Ijebu kuma suka rufe hanyarsu ta zuwa bakin teku. Dukan hanyoyin da kaya da wasiƙa da kuɗi ke bi daga Legas zuwa Kudeti suka toshe. Abin ya ƙara muni domin 'yan mishan na Abeokuta ana ganinsu a ɓangaren Egba, don haka duk wani Bature a Ibadan ya zama abin zargi, su kuma abokan gabar Ibadan suna ganin Hinderer a matsayin mutumin Ibadan.

Daga nan rayuwar gidan ta koma neman abin da za a sa a baki. Garin alkama ya ƙare, shayi da sukari suka ƙare, wuri ya ƙare. Anna ta fara fitar da kayan ɗakinta, tufafi da tawul da kwanoni, tana sayarwa ko musanyawa da abinci. Suka yi gona, suka shuka doya da wake, yara da manya suna noma. Akwai lokutan da abincinsu bai wuce wake da manja da barkono ba, gishiri ma sai an auna. Duk da haka ba su sallami yaran da ba su da wurin zuwa ba. A 1861 David ya yi kasadar ratsa ƙasar Ijebu zuwa Legas don neman kaya, ya dawo da kyar, bayan Awujale na Ijebu ya sa a nemo kansa. Da Ijaye ta faɗi a Maris 1862, mayaƙan Ibadan suka kamo wani ɗan mishan Bature mai suna Edward Roper, wanda daga baya aka bar shi ya zauna a hannun Hinderer ba tare da izinin barin gari ba. Baki ya ƙaru, abinci bai ƙaru ba.

A wannan hali ne aka ga amfanin gaisuwar da Anna ta yi shekaru tana yi. Waɗanda suka rufa musu asiri mutanen Ibadan ne, kuma da yawansu ba Kirista ba ne. Wani ya aiko da doya, wani ya aiko da 'yan wuri, wani ya ba da bashi. Wata mata mai bin addinin gargajiya ta riƙa kawo musu madara kowace safiya na tsawon shekara guda, ta kuma ƙi karɓar ko wuri ɗaya. Shugabannin gari, duk da suna cikin yaƙi, ba su bari an taɓa gidan ba. Waɗanda suka ƙetaro teku da niyyar bayarwa sun wayi gari su ne masu karɓa, kuma Anna ba ta ɓoye wannan a cikin rubuce-rubucenta ba.

Sai a Afrilun 1865 hanya ta samu. Gwamnan Legas, John Glover, ya turo Kyaftin Maxwell da wasu mutane, suka sari sabuwar hanya ta cikin daji suka iso Ibadan a ɓoye. Cikin gaggawa aka fitar da Anna, wadda ciwo ya riga ya raunana, David kuma ya tsaya ya tsara al'amuran majami'a kafin ya bi ta. Da suka ɗan farfaɗo a Turai sai suka sake komowa a ƙarshen 1866. A 1867 aka kori Turawan mishan daga Abeokuta, aka kuma nemi Ibadan ta yi haka, amma sarakunan garin suka ƙi korar baƙinsu.

Jikinta dai bai sake komawa daidai ba. A 1869 suka bar Ibadan, suka damƙa majami'un Kudeti da Ogunpa da Aremo a hannun 'yan ƙasa, Daniel Olubi yana kan gaba. David ya samu aikin mataimakin limami a ƙauyen Martham na Norfolk, yankin da aka haifi matarsa. A can Anna ta rasu a ranar 6 ga Yuni, 1870, tana da shekara 43. A 1872 aka tattara wasiƙunta da littafinta na yau da kullum aka buga da sunan Seventeen Years in the Yoruba Country, wanda har yanzu masana tarihi ke komawa gare shi don sanin yadda rayuwa take a Ibadan kafin mulkin mallaka. David ya sake komawa ƙasar Yarabawa a 1874, ya taimaka wajen buɗe aikin mishan a Ondo, ya rasu a Ingila a 1890.

Idan da yawan waɗanda suka karɓi addininsu za a auna aikinsu, ba su tara jama'a mai yawa ba a cikin shekara 17. Abin da ya dore shi ne yaran da suka ci tuwo a gidan. Olubi ya jagoranci majami'ar Ibadan shekaru masu yawa bayan tafiyarsu. Samuel Johnson, wanda yaƙin Ijaye ya rutsa da shi yana yaro a Kudeti, ya girma ya shiga tsakani wajen sulhunta garuruwan Yarabawa, ya kuma rubuta The History of the Yorubas, wanda ya kammala a 1897 aka buga a 1921. A babbar majami'ar Liverpool ta Ingila akwai taga mai zanen gilashi da aka keɓe wa Anna Hinderer a cikin jerin mata masu daraja. A Ibadan kuwa gidan benen yana nan a Kudeti, a kan filin da masu gari suka ba baƙi biyu, suka kuma ciyar da su a shekarun da hanya ta rufe.